Zauren Mai Kyamara: Farar Fada, Jan Fure da Ladabin Baƙo

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi: masu shirin fita waje, kowa da wayarsa a aljihu, kowa yana so ya dawo da abin nunawa a gida. Na taƙaita gaisuwa, don akwai wanda tasa kaɗai ta ci rabin shafi, na kuma ajiye sunaye na bar unguwanni, yadda muka saba. Sabon mai karatu ya sani hoto ba sana'ata ba ce. Aikin gwamnati na yi har na ajiye, kyamara kuwa abokiyar tafiya ce tun zamanin fim, lokacin da sai an wanke maka kafin ka san abin da ka ɗauko.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Na samu gurbin ƙaro karatu a Osaka ta ƙasar Japan, in Allah ya so farkon Afrilu zan sauka. Na ga hoton wata farar fada mai hawa-hawa da ake kira Himeji, ina son in je in ɗauka in turo wa mahaifiyata. Damuwata ita ce, duk sadda na tsaya gaban farin gini aka ɗauke ni, ginin ya fito tas, ni kuwa in fito baƙi ƙirin, sai haƙora. Mi ne maganin wanga abu?
Ɗalibi daga Runjin Sambo

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka a karatun. Ka taki sa'a da wata, domin farkon Afrilu ne itatuwan sakura suke fure a wannan yankin, kuma harabar Himeji cike take da su. Furen ba ya jiran kowa. Daga ranar da ya buɗe sosai zuwa ranar da iska za ta kakkaɓe shi da wuya a wuce kwana goma, saboda haka kada ka ce sai ka gama rajista ka huta. Asabar ɗin farko da ka samu, kama hanya. Daga tashar Shin-Osaka jirgin ƙasa mai tsananin gudu zai kai ka cikin kusan rabin awa, sai dai kuɗinsa ba na aljihun ɗalibi ba ne. Na gama-gari mai sauri yana yin tafiyar cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, kuma ta Kobe yake bi, inda akwai masallacin da aka gina a 1935, wanda ya fi kowane masallaci daɗewa a Japan. In ka tsara da kyau, a can za ka yi La'asar a dawowa.

Kana fitowa daga tashar Himeji za ka hango fadar a ƙarshen titi, tafiyar kusan kilomita ɗaya. Babban benen an kammala shi a 1609 a hannun wani basarake mai suna Ikeda Terumasa, kuma katako ne da farin shafe. Nan ta bambanta da fadar Osaka da za ka riƙa gani kusa da kai, wadda benenta na yanzu kankare ne, ginin 1931, har da lifta a ciki. Irin waɗannan benaye na asali 12 kaɗai suka rage a ƙasar baki ɗaya. Himeji ta tsallake ruwan bama-baman 1945 da ya ƙone garin, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1993, daga 2009 zuwa 2015 kuma aka sake mata shafe, shi ya sa farinta yake kashe ido.

To, wannan farin shi ne abokin gabarka. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta ɗauki tsaka-tsaki. In fili ya cika da farin bango da sarari mai haske, sai ta yanke cewa haske ya yi yawa, ta rage. Bango ya daidaita, fuskarka kuwa ta nutse. Abin da ya fi ɓata hoton shi ne abin da mu 'yan Sakkwato muke yi ba tare da tunani ba: neman inuwa. Mutum ya fake ƙarƙashin itace, ginin da ke bayansa yana cikin rana, ya ce a ɗauke shi. Babu wayar da za ta iya da wannan. Hasken da ke kan ginin shi ne ya kamata ya kasance a kan fuskarka. A Himeji an sauƙaƙa maka, domin babban filin da ake tsayawa, wanda suke kira Sannomaru, yana kudu da benen. In ka ba wa fadar baya kana fuskantar kudu ke nan, wato ɓangaren da rana take a ƙasar, haske yana kanka yana kan bango. Da safe ko da la'asar hasken yana zuwa daga gefe, ba sai ka runtse ido ba.

Sai mai ɗaukarka ya taɓa fuskarka a kan gilashin wayar. Wata 'yar alamar rana za ta fito, ya ja ta sama kaɗan har idanunka su bayyana, ya tsaya kafin rufin fadar ya narke cikin sarari. Kada kuma ka tafi gindin gini ka tsaya. Masu yin haka su ne suke dawowa da hoton da sai an nuna da yatsa an ce wancan ɗigon ni ne. Ka tsaya taku uku daga mai ɗauka, fadar tana can nesa ta kan kafaɗarka. Farar shaddar nan ta Sallah kuma ka bar ta a jaka ranar, don ƙara wa kyamara ruɗu za ta yi. Shuɗi ko ruwan ƙasa sun fi.

Game da ginin shi kaɗai, za ka lura in ka matso ka ɗaga wayar sama sai benen ya fito ya jingina baya, ƙasansa da faɗi, samansa a tsuke. Ja da baya sosai, ka riƙe wayar a miƙe, ka danna 2x mai jawo abu kusa, ka kunna layukan nan da suke raba gilashi gida tara don ka daidaita bango da su. In ka samu reshen sakura ya leƙo ta saman hoton, ka gama.

A ciki za a sa ka cire takalmi ka riƙe a leda, matakalan katako ne masu tsayi, ga duhu, ga sanyin ƙasa, saboda haka sa safa mai kauri. Ni ban cika ɗaukar hoto a cikin benen ba, ɗakuna ne wayam. Abin da ya fi ja mini hankali yana hanya: lunguna masu karkacewa da ƙofofi masu ƙara tsukewa don a ɓatar da mahara, da ramukan harbi a jikin ganuwa, wasu zagaye, wasu kusurwa uku, wasu huɗu. Sa idon wayar a ɗaya daga cikinsu ka ɗauki abin da maharbi yake gani. Mahaifiyarka da ta tashi da labarin ganuwa da ƙofofin birni za ta gane wannan hoton ba tare da dogon bayani ba. Da yamma ka hau harabar yamma, Nishinomaru, rana tana bayanka tana dukan benen. In ƙafa ba ta gaji ba, lambun Kokoen yana maƙwabtaka, ƙananan lambuna tara ne da aka buɗe a 1992, da tafki da manyan kifaye masu launi.

Ƙarfe tara ake buɗe ƙofar shiga, amma filin waje a buɗe yake kafin nan. In kana sammako wani a tafe ya kwana: za ka tarar da tsofaffin garin sun riga sun kafa kyamarorinsu. Duba inda suka tsaya. Sun shekara da shekaru suna neman wurin nan, kai kuma ka same shi kyauta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya, wani lokaci in biya ta Bankok ta ƙasar Tailan. In na gama da kwantena kwana biyu ko uku sukan rage mini ba abin yi sai zaman otal. Ina ganin wuraren bautar mabiya addinin Buda da rufinsu mai lanƙwasa da ruwan zinariya, raina yana son in shiga in ɗauki hoto, amma ina jin nauyi. Ga addini, ga tsoron kada in ja wa kaina rigima a ƙasar mutane.
Wani Alhaji daga babbar kasuwa

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka biyu ce. Hukuncin shiga na malamai ne, Sakkwato kuwa ba ta rasa su ba. Kafin tafiya ta gaba ka zauna da malaminka ka faɗa masa ainihin abin da kake nufi, wato kallon gini da ɗaukar hoto, ka bi abin da ya ce. Nawa shi ne in faɗa maka yadda wuraren suke da abin da nake yi in na je.

Babu mai tilasta maka ibada. Za ka ga masu kunna turaren tsinke, da masu durƙuso, da masu jefa kuɗi a akwati. In an miƙo maka turare, dafa ƙirji ka yi murmushi ka wuce, ba wanda zai ji haushi. Ni ba na rusunawa, ba na kunna komai, ba na kaɗa ƙararrawa, kuma mafi yawan hotunana a tsakar gida nake ɗaukarsu: rufi, hasumiya, ƙofofi, randunan bado, tsofaffin itatuwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hoton mutum-mutumi ba zai iya cika waya bai ɗauki ko ɗaya ba.

A Gwanzu ka fara da Liurong, wurin bautar da aka kafa tun shekara ta 537. Abin kallo a nan hasumiya ce mai kusurwa takwas, tsawonta ya kai mita 57, daga waje hawa tara ake gani, a ciki kuwa 17 ne. Tsakar gidan ƙarama ce, ba inda za ka ja da baya, don haka ka tsayar da wayar, ka danna 0.5 mai faɗaɗa abin da wayar take gani, ka bar ganyen itatuwa su kewaye hasumiyar. Da safe hayaƙin turare yana tashi daga manyan kaskon ƙarfe, in ka tsaya yadda rana take bayan hayaƙin sai ya fito fari sol a hoto. Daga nan da ƙafa za ka isa masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, da tsohuwar hasumiyarsa mai mita 36, sumul, ba ado ko kaɗan. Ɗauki hasumiyoyin biyu a yini ɗaya ka jera su. Wannan ya fi hoton gaban kantin sari ba da labarin garin.

Bankok ta fi ado, ta kuma fi doka. A Wat Pho akwai mutum-mutumin Buda a kishingiɗe, tsawonsa mita 46, cikin wani dogon zaure mai ginshiƙai da ba ya barin ka gan shi gaba ɗaya sai ka je wajen ƙafafu ka waiwayo. An yarda a ɗauka. Daga mashigin Tha Tien ƙaramin jirgin ruwa zai tsallakar da kai kogin Chao Phraya zuwa Wat Arun, wanda aka yi wa hasumiyarsa ado da fasassun tangaran na ƙasar Sin. Matso kusa ka ɗauki tangaran ɗin, za ka ga faranti ne aka yanka aka jera suka zama fure. Hoton hasumiyar duka kuma ka bari sai ka dawo wannan gaɓar da magariba, rana tana faɗuwa a bayanta. A Wat Phra Kaew, cikin babbar fadar sarki, tsakar gida an yarda, amma cikin ɗakin da wani koren mutum-mutumin Buda yake an hana ɗaukar hoto, kuma masu gadi suna kallo. Wani abu da zai ba ka mamaki: kana fitowa daga sanyin otal zuwa gumin Bankok idon kyamara zai yi raɓa, hoto ya fito da hazo. Ba lalacewa ta yi ba. Ba ta 'yan mintoci ta ɗauki zafin waje, ka goge da ƙyalle mai laushi.

Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ga abin da za ka kiyaye. Kaftaninka da wandonka sun wadatar, domin dokarsu ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa, abin da Turawa masu gajeren wando suke fama da shi a ƙofa. Takalmi a waje. Hula a Tailan akan so a cire ta a cikin ɗaki, in ba ka son cirewa tsaya daga bakin ƙofa. Kada ka taka dokin ƙofa, tsallake shi. In ka zauna kada ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin ko wajen malamansu masu mayafi ruwan goro, don a wurinsu nuna tafin ƙafa cin mutunci ne. In da Hajiya kuka je, kada ta taɓa malamin ko ta miƙa masa abu hannu da hannu. Kashe filasha. Kada ka gitta gaban mai durƙuso, kada ka cusa masa waya a fuska. Ka tuna yadda za ka ji in wani baƙo ya shigo Masallacin Shehu ran Juma'a yana haska sahu. In kana son hoton malami, nuna masa wayar ka jira ya gyaɗa kai.

Ba ladabi kaɗai ba ne, a wasu ƙasashe doka ce mai haƙora. A Siri Lanka a 2012 kotu ta yanke wa wasu Faransawa uku ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda hotunan da suka ɗauka suna wasa da mutum-mutumin Buda, kuma a can ko ba shi baya don a ɗauke ka ba a so. Ɗalibinmu na Osaka shi ma ya saurara, don garuruwan Nara da Kiyoto suna kusa da shi. A Todaiji ta Nara, inda akwai mutum-mutumin tagulla mai kusan mita 15 da aka ƙaddamar a 752, an yarda da hoto a ciki amma ba a yarda a kafa kyamara a kan ƙafa ba. A Sanjusangendo ta Kiyoto, mai mutum-mutumi 1,001 a jere, an hana kwata-kwata. Kowane wuri da tasa dokar, kuma alamar tana bakin ƙofa: hoton kyamara da jan layi a kai.

Abin da ya fi damuna ma ba a can yake faruwa ba, a Facebook ne. Mutum ya shiga gidan mutane sun karɓe shi da mutunci, ya dawo ya sa hoton da rubutun izgili a ƙasa. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Ga shi kuma yanzu waya tana fassara Hausa, kuma mai sayar maka da kaya yana iya kasancewa cikin masu bibiyar shafinka. Rubuta sunan wuri da shekarar gini, ya isa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Na je lambun furanni na Dubai da 'ya'yana, abin da idona ya gani ba shi wayata ta ɗauko ba. Jajayen furanni duk sun haɗe sun zama abu guda, ba a ganin ganyen fure ko ɗaya. 'Yata ta ce wayar ce ta tsufa. In sake waya kafin tafiya ta gaba?
Wata Hajiya daga Gawon Nama

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki riƙe kuɗinki, ki ce wa 'yar tamu ta yi haƙuri. Na san hoton da kike nufi, jan ya malale kamar an zubar da manja a faranti. Sabuwar waya ma haka za ta yi in an ba ta jan fure da tsakar rana. Kyamara launi uku take karantawa, ja da kore da shuɗi, ta haɗa sauran daga cikinsu. Jan fure cikin rana yana cika ma'aunin ja har ya tumbatsa, alhali sauran biyun suna ƙasa, sai wayar ta ɗauka komai lafiya. In ma'auni ya tumbatsa, duk jijiyoyi da lanƙwasar ganyen furen sun tafi, kuma babu gyaran da zai dawo da su. Maganin a yatsanki yake. Taɓa furen a gilashi, ki ja alamar rana ƙasa har ki ga jijiyoyin sun fito. Hoton zai yi miki kamar ya ɗan yi duhu, ki bar shi haka.

Sai lokaci. Lambun nan na Dubai, wanda aka buɗe a Fabrairun 2013, fili ne fetal ba inuwa, shi ya sa ma ake rufe shi a watannin zafi. Mafi yawan mutanenmu bayan Azahar suke zuwa, sadda aka gama kasuwa, lokacin da hasken ya fi muni. Ki je da buɗe ƙofa, ko ki bari sai la'asar sakaliya. Ranar da gari ya yi lumshi kuwa, wadda kowa yake cewa ba ranar hoto ba ce, ita ce ranar fure, domin gajimare yana tace haske launi ya fito cikakke. In rana ta matsa, sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙe lema ko gefen gyale ya yi wa furen inuwa, ki ɗauka a cikin inuwar.

Kusan kowa a tsaye yake ɗaukar fure, daga sama, shi ya sa hotunan suke kama da juna. Ki tsuguna, ko ki saukar da wayar daidai tsayin furen. Ki zaɓi guda ɗaya mai lafiya, wanda ƙwaro bai ci ba, sauran su zama launi a bayansa. In kin matsa sosai hoto ya ƙi fitowa tas, kin wuce iyakar idon wayar ne, ja baya kamar taƙi ɗaya ki danna 2x. In iska tana kaɗawa ki jira, takan tsaya. Manyan abubuwan lambun, irin jirgin saman Emirates ɗin nan da aka lulluɓe da furanni, hoto ɗaya ya ishe su, kowa yana da irinsa.

Zan faɗi wata magana, Hajiya, ki yafe mini. Leshi mai fure ko atamfa mai zane da yawa a gaban bangon furanni, ido ba ya sanin inda zai sauka. Ranar lambu ki sa abaya ko mayafi mai launi ɗaya. Ki kuma kula da waɗanda suke shiga hotonki, don a Daular Larabawa laifi ne a doka a ɗauki mutum ba da izininsa ba, balle matan mutane.

Tunda kin ce akwai tafiya ta gaba, ki sani lambun fure da kalanda ake zuwa masa. Keukenhof ta ƙasar Holan, inda ake dasa ƙwayoyin fure kusan miliyan 7 kowace shekara a fili mai hekta 32, mako takwas kacal take buɗewa, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Wanda bizar Turai ta yi wa wuya, furen tulif ɗin da Holan take taƙama da shi ta hannun Turkawa ya isa can a ƙarni na 16, kuma har yau a watan Afrilu lambun Emirgan na Istanbul cike yake da shi. Ba nisa daga nan, a bakin ruwa, akwai ganuwar Rumeli da Sarki Muhammadu Alfatih ya gina a 1452, shekara ɗaya kafin ya ci birnin. Fure da safe, ganuwa da yamma.

TAMBAYA: Kawu, wace kyamara zan saya? Ina da ɗan abin da na tara.
Matashi daga Mabera

AMSA: Ba ka faɗa mini abin da wayarka ta kasa yi maka ba, ɗana, kuma sai ka iya faɗin wannan sayen kyamara zai yi amfani. In tsuntsu kake so daga nesa, ko cikin ɗaki mai duhu, to nemi ta hannu mai tsabta wadda ake canza wa gilashi, Canon ko Nikon ko Sony, ka gwada ta a gaban mai sayarwa. In fure ne da gini da rana, kuɗin ya tafi ga fawa banki mai kyau da ƙarin memori. Fawa bankin a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba. A ƙasar sanyi batir yana saurin mutuwa, sa wayar a aljihun ciki kusa da jiki. Kuma goge idon kyamarar kafin kowane hoto. Rabin hotunan da ake turo mini ana kukan waya, maiƙon yatsa ne.

TAMBAYA: Baba, ni ban taɓa wuce Illela ba, fasfo ma ba ni da shi. Ina karanta shafinka ina jin daɗi, amma mu da ba mu da lambun fure ko fadar dutse mi za mu ɗauka?
Malamin makaranta daga Gidan Igwai

AMSA: Malam, wa ya ce ba mu da su? A ƙarshen hunturu ka bi hanyar jami'a ka tsaya a fadamar Kwalkwalawa, ka nemi gonar da aka bar albasa ta yi iri. Fararen dunƙulen fure ne a kan dogayen karare, ƙudan zuma suna ta kai-komo. Gai da mai gona, nemi izini, tsuguna, rana tana bayan furen. Bayan damina tafkuna suna cika da bado, kuma shi ne ɗan'uwan furen da masu zuwa Bankok suke ɗauka a randa. Kariya tana fure da rani a kan reshe ba ganye, ruwan hoda da ja, kuma ita ce mafi kyawun abin koyon darasin da na ba Hajiya. Ka dai kiyaye ruwan jikinta, dafi ne. Tumfafiyar da muke rainawa a bakin hanya, matsa kusa ka ga furenta. Hazon hunturu kuma da muke kuka da shi yana tace haske yadda gajimare yake yi, sai dai ka riƙa rufe wayar saboda ƙura.

Gini kuwa, ƙofar Fadar Sarkin Musulmi da hasumiyoyin Masallacin Bello za su koya maka daidaita bango da auna farin gini da sarari, darasin Himeji ke nan ba tare da tikitin jirgi ba. A fada ka tambayi dogarai, a Hubbare ka tambayi masu kula da wurin, in sun ce a'a ka mayar da waya aljihu. Ganuwar dutse ma muna da ita: Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, wanda yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007. Sai dai kafin ka kama hanyar ka tambayi mutanen yankin halin tsaro, kada ka je kai kaɗai, kuma ko da wasa kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro.

In ka ɗauka ka turo mini, amma ba yadda aka saba turawa a WhatsApp ba, don yana matse hoto ya zubar da rabin kyansa. Danna alamar HD kafin ka tura, ko ka aika shi a matsayin fayil. Ka rubuta wuri da lokacin da ka ɗauka, da inda rana take. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.